Shekarar da Muka Ƙirga Ƴaƴan Kaza

Mu gidanmu ba sarauta muka gada ba, ba kuma malanta ba. Kallon Kaza muka gada, wannan ɗan cincirindon taurari da ke ɓuya in bazara ta yi tsanani, sannan ya sake leƙowa daga gabas kafin ketowar alfijir in damina ta kusa. A ƙauyenmu na wajen Falanko babu mai kwance bakin irinsa sai Baba ya hau tudun yashi da ke bayan gari ya ƙirga ƴaƴan Kaza. In ya ga bakwai garau, sai a yi binne, wato a shuka a busasshiyar ƙasa don ruwan fari ya tarar da iri yana jiransa. Daminar Damargu gajera ce, wanda ya tsaya jiran laima sau da yawa kara yake girba. In kuwa biyar ya gani ko ƙasa da haka, sai kowa ya riƙe abinsa har ruwa ya sauka a gani da ido. Haka kakanmu ya bar wa Baba, haka shi ma aka bar masa.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta husufin rana, wadda tsofaffinmu ba sa son a tuna musu. Damina biyu ta riga ta ci amanarmu. Duka biyun Baba ya sauko daga tudu ya ce biyar ya gani, kuma ga shi ba a yi ruwan kirki ba, sai mutane suka ƙara sakankancewa da shi. Rumbunanmu sun zama ɗakin ƙadangaru. Anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci, muke jiƙawa mu ci, da ƙwayar ƙarangiya, da ganyen jiga in an samu. Rabin gari sun ɗaure kaya sun yi kudu.

Mu biyar muka rage a gida: Baba, Inna, ni, matata, da ƴarmu wadda nono ya ƙafe mata kafin lokacin yaye. Abin da ya rage mana na hatsi a duniya shi ne ɗan taiki guda na irin gero, gajeren nan namu mai saurin nuna, rataye a ɗakin Baba, bakinsa a ɗinke. Yarinyar kuwa cikinta ya ƙi anza ƙememe. Ana ba ta, sai zawo.

Kullum maganar ke nan tsakanin tsofaffin nan biyu. Inna ta ce, “Malam, a farke taikin nan a dama wa yarinya kunu.” Baba ya ce, “Wanda ya ci iri ai baɗi ya ci.” Inna ta ce, “Sai mai rai yake ganin baɗi.” Daga nan sai Baba ya ɗauki jikarsa ya ɗora a cinya yana mata wasa, “Amaryata, kin ji kishin tsohuwa? Ki yi haƙuri, gero zan noma miki har ki ƙoshi ki zubar.” Matata kuwa kunyar suruki ta hana ta sa baki, sai dai ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Ana cikin haka aka ce an kawo dawar taimako Tanut. Na taka da ƙafa, don jakinmu ya riga ya mutu. Na yi layi a rana har ƙwaƙwalwata ta tafasa, kafin a zo kanmu aka ce ta ƙare, a dawo wani jiƙon. Wallahi ranar da na sami wanda zan shaƙe da na shaƙe shi.

Ina zaune a bakin hanyar Agadas ina huci, sai ga wasu Anasara da motoci biyu, taya ta fashe musu. Na yi lakwal, wato boko, ƴan shekaru, ina jin Faransanci daidai gwargwado, sai na matsa ko a sami abin sawa a baka. Ɗayansu, wani dogo da rana ta saɓule wa hanci, ya ce arewa za su, can gaba da Agadas, su kafa kayansu su jira ranar da wata zai rufe rana. Ka ji fa! Mutane na faɗuwa a hanya, su kuma sun ƙetaro teku kallon rana. Na haɗiye fushina na tambaye shi yadda suke auna abin da ke sama, tunda mu ma sana'ar gidanmu ce. Ya ji daɗin tambayar. Ya ce ido ɗaya ba abin yarda ba ne, kallo ɗaya ma haka. Su sukan auna abu sau da yawa, mutane daban-daban, wani ya zarce, wani ya gaza, sai a tara duka a raba, kuskuren wannan ya cinye na wancan, gaskiya ta rage a tsakiya. Da za su tafi ya ba ni wani ɗan baƙin gilashi, wai in kalli rana da shi. Na juya shi a hannu na ce a raina, to wannan da me ake dafa shi? Na je neman dawa, na dawo da dabara.

Na tarar lokacin fitar Kaza ya yi. Na raka Baba tudu da asuba, yana dafe da kafaɗata, abin da bai saba yi ba. Ga Kaza can ta leƙo, ƙasa-ƙasa, ni ina ganinta. Baba ya daɗe yana fuskantar gabas, sannan ya ce, “Ba ta fito ba tukuna.” Washegari ma haka. Da muka sake komawa, sai ya damƙe wuyan hannuna, ya sassauta murya kamar akwai mai jinmu a dajin nan.

“Kai, tana nan?”

Na dubi idonsa da kyau a ɗan hasken da ya fara ketowa, na ga yanar ido ta rufe ƙwayar, fari-fari kamar an ɗiga nono. Ashe biyar ɗin da ya yi ta gani shekara biyu ba Kaza ce ta rage ba, idon ne yake tafiya. Fari ya zo ya gaskata shi a banza.

Na ce, “Tana nan, Baba.”

“Nawa?”

Na ƙirga. In na kalle ta kai tsaye, shida. In na ɗan kau da ido gefe, sai wata ta bakwai ta yi ƙyal ta ɓace. Na gaya masa haka. Ya yi tsaki ya ce shi ba a bar masa gadon kallon gefe ba, ko dai bakwai ko ba bakwai ba. Nan na kawo masa maganar Anasaran. Na ce mu tara mazan gari, kowa ya ƙirga, in haɗa in raba. Ya ce, “Shirme. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.” Na ce, “Idon wa, Baba?” Sai da muka kusa shiga gari ya ce in tara su, amma in na kuskura wani ya ji labarin idonsa, ba shi ba ni. A ce yana so ne ya koya wa mutane.

Da asubar gaba duk namijin da ke iya hawa tudu ya hau. Na yi abin da tsari, kada ku ce ban yi ba. Na hana kowa faɗa a fili, sai dai mutum ya zo ya raɗa mini a kunne, ni kuma in ja zane a yashi. Wannan ya ce bakwai. Wancan ya ce shida. Maƙerin garinmu ya rantse da Allah tara ya gani, na ce masa tartsatsin maƙera ne ya zauna masa a ido. Mutum ɗaya tak ya ce biyar, shi ma yana faɗa yana ba da haƙuri. Da gari ya waye na tsuguna na tara, na raba da yawan mutanen, na sake yi don kada in yi kuskure. Kowa ya zuba mini ido.

Na ce, “Shida da rabi.”

Sai Baba ya ce, “Rabi? Shaho ne ya tafi da ɗaya rabin?” Mutane suka fashe da dariya, dariyar da rabon da in ji irinta a garin nan har na manta. Amma da dariya ta lafa sai aka ga tsugune ba ta ƙare ba. Kakanmu ya bar magana a kan bakwai, ya bar magana a kan biyar, bai ce komai a kan shida ba, balle shida da rabi. Liman ya ce Baba ya yanke. Baba ya sunkuyar da kai yana shafa gemu, can ya ɗago.

“Ɗan tsakon da ya fasa ƙwai ya fito da kai, ai ya fito. Bakwai ne. A yi binne.”

Har yau ban ce lissafina ya karkace ba. Na tara daidai, na raba daidai. Abin da dogon Anasaran nan bai gaya mini ba, ko ya gaya mini Faransancina bai kai ba, shi ne kuskure yana cinye kuskure ne in wani ya ja gabas wani ya ja yamma. Mu kuwa duk gefe ɗaya muka karkata, kowa da yunwarsa, kowa yana roƙon Allah ya ga bakwai. Waɗanda za su ce biyar tuni suna hanyar Damagaram da tabarminsu a ka, ba su hau tudu ba. Yanzu da tsufana nakan ji a rediyo wai masana sun tara hasken taurari masu nisan gaske, sun ga sun fi yadda aka zata dusashewa, sun yi lissafi sun ce sararin sama ƙara buɗewa yake yi, wani ƙarfi da ba a gani yana tura shi. Ban musa ba, sun fi ni karatu. Ni dai nakan ce wa rediyon, Allah ya sa an duba idon mai dubawa, an kuma tambayi su waye ba su zo ƙirgan ba.

A gida na tambayi Baba ko an taɓa ganin bakwai ruwa ya ƙi zuwa. Ya shiga lissafo mini shekarun albarka, shekarar da aka rasa inda za a zuba gero, shekarar da Buzaye suka zo da raƙuma suka yi ta lodi har suka gaji. Na ce, “Waɗanda ta yaudara fa?” Inna ce ta amsa daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba. “Waɗannan ba su zauna sun ba da labari ba.”

Da Baba ya farke bakin taikin, Inna ta zo ta durƙusa gabansa da ƙoƙo. Tsohuwar da ban taɓa ganin ta roƙi kowa ba. Ta ce, “Malam, ko cikin ƙoƙon nan.” Ya ɗebi tafi biyu ya zuba mata, ya ce sauran na ƙasa ne. Muka fita gona, ni ina sara da sungumi, Inna da matata suna bina suna jefawa suna rufewa da diddige, yarinyar a goye kanta yana lilo. Gari duka aka bi mu. Wanda yake da iri ya binne, har wanda ya ɓoye nasa a ƙarƙashin gado ya fito da shi, tunda gidan masu Kaza sun ce bakwai.

Sai jira. Wayyo jira! Hadari ya haɗu a gabas da la'asar, baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya, iska ta taso ta watsa mana yashi a ido, shi ke nan ya baje. Aka yi roƙon ruwa, aka sake yi. Tafi biyun nan na Inna, duk da tana dama shi tsararo kamar ruwan wanke ƙwarya, bai daɗe ba ya ƙare. Aka koma anza, zawo ya dawo.

Ranar husufin ina zaune a zaure, rana ta take sosai, sai na ga haske yana canzawa, yana komawa kamar ruwan toka. Zafi ya sauka. Kaji biyun da suka rage a unguwa suka nufi akurki. Kafin in miƙe sai ga matata ta fito daga ɗaki a guje da tasa a hannu, ɗankwali ya faɗi, tana cewa, “Hadari! Inna, hadari ya rufe rana!” Ta ajiye tasar a tsakar gida inda ruwan indararo yake zuba, ta ɗaga kai. Sama wayam, babu ko ƙyallin gajimare. Ta daɗe a tsaye, sannan ta sunkuya ta ɗauki tasarta ta koma ciki. Liman ya tara mutane salla, yara suna ta dukan gwangwani, ni kuma na fito da baƙin gilashin nan aka yi ta karɓa ana kallon rana ta zama kamar lauje. Baba ma ya karɓa ya kara a ido don kada a gane, ya ce, “Ikon Allah.”

Bayan wannan yarinyar ta daina kuka. Wanda bai yi reno a shekarar yunwa ba ba zai gane ba, kukan ne yake kwantar maka da hankali. Ta kwanta sai ido, gashinta ya yi ja, fatar cinyarta ta yi yaushi. Uwar ma jiri ya fara kayar da ita, aka zama haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Na shiga na fita, na rasa inda zan sa kaina. Gaba kura, baya siyaki: in ɗauke su mu yi kudu, yarinyar ba za ta kai rijiya ta biyu ba, in zauna kuma ina kallonta tana tafiya.

Da yamma Baba ya laluba ya zo bakin ƙofa yana cewa, “Ina amaryata? Yau ba a gaishe da ango ba.” Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, “Wace amarya? Abincinta yana gona ka binne shi! Ka binne shi saboda ɗan tsakon da ko ganinsa ba ka yi ba!” Inna ta ce, “Kai! Ubanka ne fa!” Na ce na sani. Na faɗa, kuma ko yau aka maida ni bakin ƙofar nan da yarinyar nan a kwance, zan sake faɗa. Baba ya juya yana lalube da sanda ya koma ɗakinsa.

Da safe Inna ta ce ba ta gan shi ba tun bayan salla. Na bi sawun sandarsa har gona. Na hango shi a durƙushe, tsoho mai furfura, yana rarrafe a yashi. Iska ta shafe duk alamar diddige, amma ya sami kan layi daga jikin kututturen kara na bara, yana auna taku da hannu, ya tona, ya murza yashin a tafinsa, ya tsince ƙwayar ya jefa a hularsa. Na zo na tsaya a kansa.

Ya ce, “Takunka na sani, ba ya canzawa. Je ka kawo rariya, ka kira mata.”

Muka shiga tonon abin da muka shuka. Ni ina kwasar yashin rami da ƙwarya, Inna tana tankaɗewa, matata tana zaune da faifai tana tsincewa, yarinyar a inuwar zane da muka kafa da kara. Baba yana gaba yana nemo ramuka, yatsunsa sun fi idonmu gani. Rami da yawa babu komai, tururuwa da ɓeraye sun riga mu. Maƙwabta suka zo suka tsaya a bakin gona. Wani ya ce, “Malam, kai da ka ce mu binne?” Baba ya ce, “Ni na ce.” Ya ci gaba da tononsa. Wasu suka koma suka yi kamar yadda muka yi, wasu suka ce su sun bar wa Allah.

Ranar farko abin da muka samu bai cika ƙoƙo ba. Inna ta wanke shi, ta sake wankewa, ta niƙa, ta dama. Duk da haka yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Matata ta ɗiga wa yarinyar a baki da ɗan yatsa. Ta haɗiye. Aka ƙara, ta haɗiye. Kwana kaɗan sai ga ta tana kama ludayi da hannunta, har ta yi kuka da aka janye shi. Inna ta ce, “Alhamdu lillahi, yi kukanki, ƴar nan, yi da ƙarfi.”

Muka ci gaba, layi bayan layi, gwiwoyin Baba suka sassaɓule. A ƙarshen gonarmu akwai ɗan kwari inda ruwa yake kwanciya, nan gero ya fi yi ko a mugunyar shekara. Da muka iso wurin na ce, “Baba, mu bar waɗannan layukan, ko Allah zai sa.” Ya ce, “Kada ku bar ko ɗaya. A nan iri ya fi yawa, na ji yadda uwarka take cika hannu in ta zo kwari.” Muka tone shi tas. Duk wahalar nan, abin da ya dawo cikin taiki bai kai sulusin abin da ya fita ba.

Ba a yi kwana uku da gamawa ba, da la'asar, hadari ya haɗu kamar yadda ya saba. Ko fita ban yi ba. Sai na ji ƙanshin ƙasa. Sai ɗigo a kan tasa, ɗaya, biyu, sannan sama ta buɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda muka shekara uku muna roƙo. Daga gidajen waɗanda ba su tone nasu ba guɗa ta tashi, yara suka fito tsirara suna tsalle a cikin taɓo.

Mu muna zaure, babu mai kallon wani. Baba ya matsa bakin ƙofa ya miƙa hannu waje, ruwan yana zuba a tafinsa yana gangarowa har gwiwar hannu. Ya daɗe a haka.

“Kai.”

“Na'am, Baba.”

“Layukan kwarin nan. Kun dai bar su, ko?”

Ya san abin da ya ce mana. So yake a ce mun saɓa masa. Na dubi Inna, Inna ta sunkuyar da kai.

“Ba mu bari ba, Baba.”

Ya janye hannunsa, ya goge a jikin riga, ya ce a miƙo masa yarinyar.